Kalabar Inna Guda Uku

Yau kwana arba'in da biyu da rasuwar Inna, Allah Ya jiƙanta Ya yalwata mata makwanci. Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, an naɗe tabarmi, shi ya sa na zauna in rubuta yadda jinyarta ta kasance. Ina so duk wadda za ta yi jinyar tsohuwa bayana ta san akwai wajen da ba a dubawa, kuma nan ciwo yake samun wurin zama. Har yanzu a danginmu akwai masu cewa na yi taurin kai a jinyar nan. Na yi, ban musa ba. Da za a maimaita ma sai na ƙara a kan na da.

Sunana Saude, ƙauyenmu yana kusa da Tofa, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ni ce 'yar farin Inna, kuma wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan yake nufi. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata. Inna ba ta taɓa kama sunana ba, "ke" take ce min, in da mutane kuma "waccan". Ba ta taɓa yi min kitso ba, ni ma hannuna bai taɓa hawa kanta ba. Na haifi 'ya'ya shida ban san yadda kan uwata yake a buɗe ba, sai ɗan abin da ya leƙo ta gefen kallabi.

Inna ita ce mai wankan gawar mata a ƙauyenmu da na maƙwabta. In mace ta rasu, kafin a aika wa masu haƙa kabari an aiko mata. Tana da ƙwaryarta ta musamman, da sabulu da mataji na katako a ciki. Ba ta yarda mace ta tafi da tsohon kitso, sai ta tsefe ta wanke, ta yi mata kalaba uku ta mayar baya. Mai zuba mata ruwa ita ce Gwaggo Tabawa, ƙanwar mahaifinmu. Wata rana sun dawo daga wani wanka, ina tsakar gida ina ɓarar gyaɗa, na ji Inna tana ce mata, "Ni dai Tabawa, ranar da tawa ta zo, ko sili goma ne a kaina a raba min shi uku. Na yi wa 'ya'yan mutane, kar ni a kai ni da kai kamar tulu." Suka yi dariya. Ba da ni take ba, amma na ji.

Ciwon ya same ta tsakiyar damina, da safe, tana tsinkar kuɓewa a bayan gida. Muka tarar da ita kwance a tsakanin kunyoyin kuɓewar, baki ya karkace, hannun dama da ƙafar dama sun saki. A motar ɗaukar kaya muka kai ta wani asibiti a Kano, ina riƙe da kanta a cinyata, ruwa yana dukanmu. Mun wuni a kan benci kafin a duba ta, gado kuwa sai rana ta uku. Likita ya ce hawan jini ne ya yi mata illa a ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Magana ta ɗauke gaba ɗaya. Abin da ya rage mata shi ne ido da hannun hagu.

A nan dole in yaba wa ƙanena Sani, tela ne a Rijiyar Zaki. Ya rufe shagonsa sati guda, shi ne layin kati, shi ne layin magani, shi ne neman jini da ba a ma buƙata ba daga baya. Ko da muka yi faɗa da shi a gaba, wannan ba zan manta masa ba.

Sati na farko da na biyu ni da Gwaggo muke kwana da ita. Mu goge mata jiki, mu juya ta, mu canza zani, mu ɗura mata kunu da cokali. Ƙafarta kullum sai na shafa mata mai. Amma kallabin da ta faɗi da shi yana nan a kanta. Ɗaki ne na mutum goma sha, likitoci maza suna shige da fice, masu dubiya maza da mata, wa zai tuɓe wa dattijuwa kallabi a nan? In ya zame, sai in gyara mata ina kawar da ido. Kullum kuma tana ɗaga hannun hagu tana kai wa kanta, tana wani irin nishi. Gwaggo ta ce, "Ciwon kai ne, ƙara tamke mata." Haka muke yi a gida in kai yana sarawa, sai in kwance ƙullin kaɗan in ƙara ja in ɗaure. Kwana goma sha tara muna haka.

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta gano, babbar mace mai faɗa, kowa a ɗakin tsoronta yake ji. Ta zo gwada jini ta tsaya tana shinshina iska. Ta ce, "Wa yake jinyar baiwar Allahn nan?" Na ce ni ce. Ta ja labule, ta sa hannu ta kwance kallabin ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Tsohon kitson ya cure ya zama dunƙule guda, gumi da ruwan saman ranar farko sun bushe a ciki. A bayan kunnen dama, daidai inda ƙullin kallabi yake danne a kan matashi, fata ta ɓare ta zama gyambo mai faɗin murfin kwalba, yana ruwa. Wato duk nishin nan da take yi, cewa take a cire mata, mu kuma muna ƙara tamkewa.

Matar ta dube ni ta ce, "Kullum ina ganinki kina shafa mata mai a ƙafa. Shi kan ba jiki ba ne?"

Na ce, "Ni ce ta fari."

Ta ce, "To sai ki zaɓa, kunya ko uwarki."

Ta yanke gashin da ke gefen ciwon kaɗai, ta wanke ta sa magani. Da za ta tafi ta faɗi maganar da ta zauna min har yau. Ta ce, "Fatar kan tsoho ba ta son ƙarfi, balle mai ciwo. Abin da ba za ki iya gogawa a fatar idonki ba, kar ki kai shi kanta. Kuma ban da kitso." Na so in tsane ta saboda yadda ta wanke ni a gaban Gwaggo, amma har gobe ina sa ta a addu'a.

Sati na huɗu aka sallame mu, aka ce mu dawo bayan sati uku. Muna zuwa gida na tafka kuskure na biyu, wannan kuma nawa ne ni kaɗai. Na ɗauko matajin katakon Inna, na ce bari in tsefe dunƙulen nan yadda nake yi wa 'ya'yana, a bushe, a ja a wuce wajen. Ja ɗaya na yi. Gashi ya biyo matajin cikin tafin hannu, inda ya fita ya yi ɗige-ɗigen jini, Inna ta saki wata ƙara da ban taɓa ji a bakinta ba. A ranar na fara ganin gashin da kyau: fari tas, siriri, laushi kamar audugar rimi. Ciwon ya cinye ƙarfinsa, taɓawa kaɗan yake jira ya fita.

Da dangi suka ji, kowa ya zo da tasa. Wata ta ce a shafa tafarnuwa, wata ta ce man zafi, wata ta ce toka da kanwa. Duk na ce na gode, ban sa ko ɗaya ba. Gwaggo kuwa ta ce maganar ɗaya ce, a aske kowa ya huta. Ciwo ya sha iska, a huta da ƙwarƙwata, a huta da wari. In za a bi gaskiya maganarta ba ta banza ba ce, kuma ba mugunta ta sa ta ba, shekara talatin suna wankan gawa tare da Inna. Na ce mata, "Gwaggo, ke aka faɗa wa zancen kalaba uku, ni a gefe na tsinta." Ta ce, "Wannan hira ce ta masu lafiya. Yanzu ta rai ake yi."

Bayan kwana biyu na tafi kai niƙa. Ina dawowa na hango takalman Gwaggo a ƙofar ɗakin Inna, da takardar sabuwar reza a yashe a ƙasa. Na jefar da kwanon na afka. Ta riga ta shafa mata sabulu a goshi, rezar tana hannunta, amma ba ta fara ba, don Inna ta damƙe mata wuyan hannu da hannun nan na hagu. Mutumin da ba ya iya riƙe cokali. Hawaye yana bin gefen fuskarta yana shiga kunne, idonta a kaina.

Na ce, "Gwaggo, ajiye."

Ta ce, "Ke Saude, ni kike ba umarni? Na goya ubanki..." sai ta tuna shi ne babba, ta ce, "Na goya ki a bayan nan."

Na ce, "Kin goya ni, Allah Ya saka. Ajiye rezar."

Ta ajiye, ta fita tana cewa yaran yanzu ba su san girma ba, ni da nake da jika.

Ranar Juma'a Sani ya zo, Gwaggo ta riga ta kai masa ƙara. Ya zauna a bakin ƙofa yana murza hula. Ya ce, "Yaya, na tambayi malami, ya ce in lalura ce babu laifi a aske wa mace."

Na ce, "Ni ban ce haramun ne ba. Cewa na yi ba za a yi ba."

Ya ce, "In ciwon ya ci gaba fa? Gashi za mu duba ko rai?"

Na ce, "Ka shiga ka tambaye ta. Bakinta ne ya mutu, ita tana nan."

Bai shiga ba. Daga ƙarshe ya yanke cewa an ba ni zuwa ranar komawa asibiti. In ciwon ya kame, shi ke nan. In bai kame ba, shi da kansa zai riƙe ta a aske. Saura kwana goma sha shida. Na ce na ji, amma a raina na san ko bai kame ba sai dai su aske mu tare.

Washegari na bar babbar 'yata da Inna na shiga Kano neman abin taje kai. Ban taɓa sanin abin da wuya ba sai ranar. Matajin roba na kasuwa, in ka shafa haƙoransa za ka ji wani kaifi-kaifi a gefe, shi ke yankar gashi. Akwai buroshi mai haƙoran ƙarfe da 'yan ƙwallaye a baki, in ƙwallon ya fita ya zama allura. Akwai na maza mai tauri, wannan ko takalmi aka goge da shi ya isa. Duk wanda aka miƙo min sai in rufe ido in goga a fatar idona, yadda matar asibiti ta ce. Wani mai shago ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani, ya ce, "Hajiya, kai za ki taje ko ido?" Na ce masa in kayansa na da kyau me ya sa yake tsoron a gwada. Shago bakwai na shiga, idona har ya yi ja.

Na haƙura zan tafi tasha sai na bi ta gaban wata mai kayan jarirai. Cikin tarkacen wanka na hango wani ɗan buroshi mai farin gashi, na ce ta ba ni. Na goga a ido, ban ji komai ba sai laushi. Na ja shi da yatsa in ga ko yana zuba, bai zuba ba. Na haɗa da wani mataji mai manyan haƙora warara, bakinsu a dakushe, na bi su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa ban ji kaifi ba. Matar tana ƙulle min a leda ta ce, "Barka da arziki. Mace aka samu ko namiji?" Na ce, "Mace. Ta haura saba'in."

Ga yadda na yi, don mai buƙata. Na fara da yanke farcena ƙasa-ƙasa. Kullum da hantsi, in rana ta shigo ƙofar ɗaki, sai in jingina ta a jikina, in jiƙa karkashi a ruwan ɗumi in tace, in ɗiga yauƙin a kan dunƙulen, ban bari ya je kusa da ciwon. Da yatsu nake warwarewa, daga baki zuwa gindi, hannu ɗaya yana riƙe da gindin gashin don kar fata ta ji ja. Abin da bai wuce faɗin yatsa biyu ba nake yi a rana, in na ga ta yamutsa fuska in tsaya. Inda ya warware sai in bi da babban matajin sau ɗaya ko biyu, in tsane da tsumma mai tsabta. Sannan in narkar da man kaɗanya ɗan mitsitsi a tafin hannu, in murza mata fatar kan da tsokar yatsu, a hankali, ina zagayawa. Buroshin shi ne na ƙarshe, daga goshi zuwa ƙeya. Shi ba ya warware curarren gashi, kar wata ta ce na ce. Aikinsa ya kwantar da gashin ya sosa fatar ba tare da ya ji mata ciwo ba. Bayan kwana biyu in wanke shi da sabulu in shanya, kuma ban bar kowa ya taɓa shi ba. Ciwon kuma ina wanke shi da abin da asibiti suka bayar, kallabi sai dai in yafa mata sako-sako, babu ƙulli.

Ranar farko da buroshin ya hau kanta, jikinta a sandare yake, nawa ma haka. Ni da ita ba mu saba da wannan kusancin ba. Ban kai ja goma ba na ji ta saki nauyinta a ƙirjina, numfashinta ya daidaita, ta yi barcin da ba ta yi irinsa ba tun da ta faɗi. Na zauna ban motsa ba har ƙafata ta yi sanyi, ina kuka ba sauti don kar in tashe ta.

Kwana goma sha ɗaya na ɗauka kafin dunƙulen ya ƙare. Kusan rabin gashin ya tafi, wannan ba zan ɓoye ba. Zance kuma ya zaga gari cewa Saude ta mayar da uwarta jaririya, har masu leƙowa ta katanga suna tambaya yaushe ne suna. Na ce su shirya gudummawa, za a sanar da su. Sana'ata ta tsaya cak, masu sarin ƙuli suka koma wajen wata. Wannan ya yi min ciwo, amma ban fasa ba.

Ranar komawa muka yi sammako, muka sake wunin benci. Likita ya ɗaga gashin ya duba, ya ce ciwon ya kame, a ci gaba da abin da ake yi. Sani ya sunkuyar da kai ya ce alhamdu lillahi. Da muka gaya wa Gwaggo ta ce, "Allah ne Ya warkar." Na ce, "Da ma ban ce ni ce ba."

Inna ba ta tashi ba, magana ma ba ta dawo ba. Wata huɗu muka ƙara a haka, aka yanke gero aka cire gyaɗa tana kwance. Amma hantsi na yi za ka ga tana ture mayafin kanta da hannun hagu tana kallon inda nake rataye buroshin. In na makara har ƙwanƙwasa gado take yi. Gashin dai bai daina zuba ba, kullum sai na tsince 'yan silalla a jikin buroshin. Gwaggo in ta zo dubiya takan leƙa ta ce, "Abin da kika hana reza, ga shi ciwo yana ci a hankali." Da ta tafi sai in raba shi uku da yatsa in gani ko zai kai, in mayar in kwantar.

Don haka ke mai jinya, ko ta fari ce ke ko auta, tun ranar farko ki ja labule ki kwance kallabin ki duba. In mara lafiya yana kai hannu wani waje, ki buɗe wajen kafin ki yanke masa hukunci. Wanda ya ce kin cika rashin kunya, ki ce masa ya zo ya karɓi jinyar.

Ranar wata Talata da safe ciwon ya sake bugunta, kafin a samo mota ta cika. Da aka zo wanka, Gwaggo ce ta ɗauki ƙwaryar Inna, don yanzu ita ce babba a aikin. Mata suka ce in zauna a waje, 'yar fari ba ta shiga. Na ce wata biyar ina shiga, yau ma zan shiga. Ba wadda ta tare ni.

Ni na zuba ruwa, Gwaggo tana wankewa. Da aka zo kai, ta sa hannu a ƙwarya ta ɗauko matajin katakon nan. Ta dubi matajin, ta dubi kan Inna, ta daɗe a haka. Sai ta mayar da shi. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Ina abin nan naki na jarirai?"

Na ɗauko mata. Ta kwantar da gashin a hankali, daga goshi zuwa ƙeya, kamar ta taɓa ganin yadda nake yi. Ta sa ɗan yatsa ta tsaga, ta sake tsagawa. Ta kitsa na dama, ta kitsa na hagu, kowanne bai fi kaurin zaren carbi ba. Sannan ta matsa gefe, ta goge fuska da bakin zaninta.

Ta ce, "Ya kai uku, Saude. Zo ki yi na tsakiyar."

Na durƙusa na kitsa, ban ja ba. Shi ne kitson da na taɓa yi wa uwata, kuma da shi aka kai ta.